Reshen da Yaya Ta Manta

Yaya ta daɗe tana rubuta manhajar da ke buga wasan ces, wato darar Turawa, a ɗan ofishinta, kuma a gefenta ƙaninta Auta ya koyi aikin, yana koyo yana shanye mata shayi. Matsalar irin wannan manhaja ɗaya ce: hanyoyin motsi sun fi gashin kai yawa, dole a bi wasu a datse wasu. Manhajar Yaya takan ƙaddara cewa ta yafe nata motsin. In duk da haka tana gaba, sai ta datse reshen, ta wuce.

Dabarar tana da rami. In wasa ya zo ƙarshe, ya rage sarakuna da sojoji, akwai inda duk wanda ya motsa ya cuci kansa, kuma a nan dole a kashe dabarar. Masu aikin duk sun san haka. Yaya ma ta sani, mantawa ta yi, ba ta gyara ba sai bayan Auta ya koma wani kamfani.

Da aka fara raɗe-raɗin cewa manhajar kamfanin su Auta tana kama da tata, Auta ya rantse a gaban mahaifiyarsu cewa ko layi ɗaya bai ɗauka ba. Yaya ta yarda, har ta yi faɗa da masu maganar. Ai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Sai ga gasa ta haɗa su, tebur ɗaya, kwamfuta na fuskantar kwamfuta. Wasa ya ja har aka cinye manyan 'ya'ya, ya rage sarakuna da sojoji. Nan take Yaya ta gane wurin. Ita da ta zo neman nasara, sai ga ta tana roƙon Allah manhajar ƙaninta ta tsallake ramin, ko da ita za a ci, don in ta faɗa, to tata aka kwafa.

Manhajar Auta ko jinkiri ba ta yi ba, ta auka ciki, allonta yana nuna ita ce a gaba.

Aka ɗau tafi. Yaya ba ta taɓa jin nasara mai ɗaci irin wannan ba. Auta ya ƙura wa allo ido, sannan bakinsa ya riga hankalinsa.

"Yaya, ashe kin gyara wurin nan?"

Ta dube shi, ta naɗe wayar cajinta a hankali.

"Bayan tafiyarka," ta ce. "Kai za ka gaya wa Mama, ko ni?"