Haƙoran Araali Ranar Empango

Ɗan acaɓa bai gama tsayawa a gindin tudun fada ba Bagonza ya diro, ƙahonsa a hammata, ya washe wa mutumin baki gaba ɗaya. Ba wani abin dariya aka faɗa ba. Haƙora ne sababbi, farare tas, sama da ƙasa, kuma tun da likita ya sa masa su a Kampala bai bar kowa ya wuce bai gani ba. Mai gasa ayaba ta gani, 'yan sandan bakin ƙofa sun gani, har akuyar da ke ɗaure jikin shinge sai da aka yi mata nata. Ni dai ban ga laifinsa ba. Dattijon ya daɗe yana tauna da dasashi.

'Yarsa Kunihira, ma'aikaciyar jinya a Kampala, ita ta kai shi aka yi masa su. Ta sauko daga babur na biyu tana kakkaɓe zanenta.

"Baba, tsaya in gyara maka wuyan kwat. Na gaya wa duk ƙawayena na asibiti su kunna talabijin."

"Su kunna, Abwooli. Bana ina da abin nunawa."

Mu nan masarautar Tooro ba ma kiran wanda muke ƙauna da sunan yanka, kowa da empaako ɗinsa na girmamawa. Nata Abwooli, nasa Araali.

Ranar Empango ce, ranar tuna hawan Omukama, sarkinmu, gadon sarauta, kuma tun da aka naɗa sarkin nan yana ƙaramin yaro Araali yake cikin masu busa amakondere, ƙahonin fada. Sarki ya girma, Araali ya tsufa, haƙora suka yi ta zuba ɗaya bayan ɗaya, ƙahon dai bai taɓa fashin shekara ba. Shi kuwa amakondere, kowane ƙaho murya ɗaya tak gare shi. Wannan ya busa tasa ya yi shiru, na kusa da shi ya ɗora, na gaba ya karɓa, a haka waƙar take fitowa. In mutum ɗaya ya yi shiru a lokacinsa, rami ne a tsakiyar waƙa, wanda bai san kiɗa ba ma sai ya ji. Muryar ƙahon Araali ita ce mai kauri, wadda ke biye da ta shugabansu Rwakaikara, wato Apuuli.

A ƙarƙashin wata bishiya bayan rumfunan baƙi ya sami 'yan'uwansa suna shirin gwaji. Apuuli ya ɗago, ya sa hannu ya kare idonsa kamar mai kallon rana.

"Wa nake gani haka? Araali, bakin wa ka aro?"

"Hassada ke damunka, Apuuli. Matsa kusa ka kalla, yau kyauta ne."

"Rufe, kada ka kashe mini ido. Surukinka ma ba shi da irinsu."

Aka yi ta dariya, aka gaisa, kowa ya tsaya a wurinsa. Apuuli ya ɗaga kai, ya busa tasa. Araali ya kafa leɓe a gefen ƙaho, ya cika kumatu, ya hura.

Abin da ya fito, iskar tayar keke ce da ƙusa ta huda.

Aka sake dariya, don an ɗauka wasa yake. Aka koma daga farko. Wannan karon da ya matsa, sai haƙoran sama suka saki dasashi suka faɗo kan na ƙasa, ƙas, kowa ya ji. Ba wanda ya yi dariya. Baguma mai gyaran kekuna, wanda ya shekara da shekaru yana jiran gurbi a layin, ya fara goge bakin nasa ƙahon da gefen riga, wai shi ba ruwansa.

Apuuli ya ja Araali gefe.

"Ka taɓa busawa tun da aka sa maka su?"

"A ina? Gidan Abwooli bene ne, maƙwabta ko tari ba sa so."

"To cire su mana."

"Yarinyar nan ko hutu ba ta ɗauka ba bana saboda bakin nan nawa. In fito gaban duniya ba su? Da wane ido zan kalle ta?"

Apuuli ya sosa gemu. Tare suka fara busa, tare suka binne iyayensu, ba ya son faɗar abin da zai faɗa.

"Araali, ba zan kai rami gaban Omukama ba. In ganga ta tashi ba ka da murya, Baguma zai tsaya a wurinka. Kuma ka san mu, wanda ya tsaya ranar Empango, wurin ya zama nasa."

Tsoro ya kama Araali, na gaske. Ya zaga bayan wata motar makaranta da aka ajiye, ya shiga gwaji shi kaɗai. Ya danne haƙoran da harshe, iska ta ƙi fita. Ya danne da babban yatsa, ƙahon ya karkace. Ya cije, ya juya ƙahon ta ɗaya gefen bakin, ya roƙi Allah, ya zagi likitan Kampala da bai yi masa komai ba sai alheri. Leɓen da ya saba lanƙwasawa ciki ya kwanta a ramin ƙaho, yanzu katanga ce a bayansa. Farar kanzunsa, doguwar rigar biki, ta jiƙe da gumi.

"Baba."

Abwooli ce, da kofin shayi a hannu. Ya yi maza ya washe mata baki.

"Ƙahon ne ya sha sanyin hanya. Yanzu zai warware."

"Baba, a cikin busar nan aka goye ni. Tun daga rumfa na ji ramin."

Ta ɗora kofin a kan tayar mota, ta buɗe jaka, ta zaro farin hankici, ta shimfiɗa a tafin hannunta, ta miƙo masa daidai haɓa.

"Sa su nan."

"Haba, Abwooli. Duk wahalar da kika sha?"

"Na sha, kuma ba yar da su zan yi ba. Sa su nan."

"Ƙawayenki fa? Dasashi za su gani a talabijin."

"Ƙawayena a asibiti suke aiki, Baba, sun ga haƙora har sun gaji. Ƙahonka ne ba su taɓa ji ba."

Daga saman tudu babbar ganga ta yi magana, sau ɗaya, ƙasa ta amsa. Araali ya dubi 'yarsa, idonsa ya ciko, daɗi da kunya suka haɗe masa wuri guda. Ya juya baya, don akwai abin da uba ba ya yi 'yarsa tana kallo, ya cire haƙoran, ya juyo ya ajiye mata su a hankicin. Fuskarsa ta koma tasa, kumatu suka lotsa, haɓa ta matso kusa da hanci.

"Yauwa," in ji ta tana ƙulle hankicin. "Ga babana ya dawo. Ruga."

Ya kuwa ruga, dattijo da kwat da kanzu, yana tattare gindin riga. Baguma har ya sa ƙafa ɗaya a gurbin. Araali ya sa kafaɗa ya ture shi. Apuuli ya leƙa bakinsa, ya gyaɗa kai.

"Madalla. Yanzu na gane ka."

Ganguna suka ɓarke gaba ɗaya. Apuuli ya busa, Araali ya ɗora, muryar ta fito da kaurinta, cikakkiya, sai da ta kaɗa cikin na kusa. Na gaba ya karɓa, na gabansa ya karɓa, waƙa ta tashi tana zagaya layin. Jama'a suka ɗauki guɗa da kirari, alamar Omukama ya fito. Araali bai gani ba. Bai taɓa ganin fitowar sarki ba tun da ya fara, don idonsa kullum yana kan kumatun Apuuli, yana jiran lokacinsa.

Abwooli ta kutsa har gaban igiyar da aka tare mutane da ita, tana rawa, ƙullin hankici a dunƙule a hannunta. Wata tsohuwa da ke gefenta ta ga yadda take miƙa wuya wajen masu busa, ta taɓa ta da gwiwar hannu.

"'Yata, kina da wani a cikinsu ne?"

"Babana."

"Wanne?"

Abwooli ta ɗaga hannun da ke riƙe da hankicin, ta nuna, da ƙarfi yadda na baya ma za su ji.

"Ga shi can, na biyu. Marar haƙoran nan."