Kwaɗo Ɗan Asali

"Wallahi ɗan asali ne, ranki ya daɗe," in ji Mai Kwaɗo, karo na huɗu ke nan, yana shafa kwalin kamar jariri.

Jami'ar hukumar duba kaya ba ta ko ɗago kai ba. Ma'aikatanta na ta jidar katan-katan na kwaɗon kulle ƙofa zuwa mota, maƙwabta kuma sun bar shagunansu sun zo jaje da ido. Shekara tara Mai Kwaɗo yana sayar da kwaɗo a layin nan, da tambarin kamfanin waje wanda shi da kansa yake mannawa da yawu in gam ya ƙare.

Lauyansa ya riga ya ja masa kunne ta waya: "Kada ka amsa komai. In ka ce jabu ne, gidan yari kai tsaye. In ka dage, sai sun sha wahala a kotu."

Shi kuwa dagewa gadonsa ce.

"To, madalla," in ji jami'ar. "Za mu rufe shagon har ranar shari'a, mako uku. Mun manto namu kwaɗon. Tunda naka ɗan asali ne..."

Ta zaro ɗaya daga kwali, ta miƙa wa ma'aikacinta.

Mai Kwaɗo ya leƙa ciki. A ƙuryar shagon akwai kekunan ɗinki uku na yayarsa, wadda ta raine shi, waɗanda ta kawo ajiya saboda rufin ɗakinta na yoyo. Da su take ci da marayu biyar. Kwaɗon nan kuwa ya san halinsa: cokali ma buɗe shi yake, balle ɓarayin kasuwa da suka san kayansa fiye da hukuma.

Ma'aikacin ya ja ƙofa, ya saƙala kwaɗon.

"Tsaya!" Muryar Mai Kwaɗo ta fita ba shiri. "Don girman Allah kada ku sa wannan. Ko tari aka yi kusa da shi, buɗewa yake."

Jami'ar ta buɗe littafinta, ta rubuta abin da ya faɗa a tsanake, ta ba shi ya sa hannu. Ya sa.

Sannan ta juya ga ma'aikacin. "Je ka shagon can ka sayo mana na kirki."

Mai Kwaɗo ya share gumi.

"Ranki ya daɗe, kada a saya a layin nan. Duk ni nake ba su."

Ta sake buɗe littafin.