Ƙaryar La'asar a Bakin Teku

Malam Husaini bai yarda 'yarsa Salwa ta tafi Amurka karatu ba sai da sharaɗi ɗaya: a gidan Alhaji Seydou za ta zauna, ranar da ta bar gidan kuwa ranar karatun ya ƙare. Ya faɗa mata haka a Jibiya a gaban mahaifiyarta, ya sake faɗa a filin jirgin Kano. Shi da Alhaji Seydou, mutumin Maraɗi, sun yi fataucin wake tare tsakanin Jibiya da Maraɗi tun suna samari, kafin Alhaji ya haye Greensboro ya buɗe wurin sayar da motoci a kan titin Gate City.

Gidan yana Pleasant Garden, a gefen Greensboro, a tsakiyar fili mai ciyawa da dogayen itatuwa. An ba Salwa ɗaki a sama, kusa da na Houda, 'yar gidan, wadda aka haifa a nan. Jami'a ɗaya suke zuwa a gabashin gari, Salwa tana karatun aikin jinya. Hajiya Kouloussoum, uwargidan, ta ji daɗin baƙuwar. Yarinya ce mai tashi da asuba, mai wanke tukunya ba a sa ta ba. Sai Hajiya ta mayar da ita sandar dukan 'yarta. Abu kaɗan, "Dubi Salwa." Wannan mugun hali ne na iyaye, kuma ba su san ɓarnar da yake yi ba. Houda takan yi dariya, ta kira ta Ustaziya, ita kuma ta rama da Ba'amurkiya. Salwa ta ɗauka ƙawance ne.

Da hutun tsakiyar zango ya zo a watan Oktoba, Houda ce ta kawo maganar zuwa Wilmington, wani gari a bakin teku.

"Mami, yarinyar nan fa ba ta taɓa ganin teku ba. Shekara guda a Amurka, daga makaranta sai kicin. Haba, ai abin kunya ne gare mu."

Hajiya ta ajiye ludayi ta dube ta. "Ke da na sani? Ko Charlotte ba na barin ki ke kaɗai."

"Ba ni kaɗai ba ce, da Ustaziya ne. Ko ruwa zan sha sai ta sa na yi bisimilla."

Hajiya ta juya wajen Salwa. "Bon. Tunda da ke ne, na yarda. Ga ta nan, na ba ki amanarta. Ƙafarki ƙafarta."

"In sha Allahu, Mama," in ji Salwa, tana murna har cikin ranta.

Da safe suka kama hanya a motar Houda. Itatuwa suka yi ta raguwa, ƙasa ta baje, ta koma yashi. Kafin azahar suka isa otal ɗin da suka kama kusa da kogi. A wurin ajiye motoci wani dogon saurayi yana jingine da baƙar mota, yana murmushi kamar wanda aka yi wa alkawari. Houda ta fita da gudu.

"Wannan Zubair ne. Zubair, ga Salwa, sista ɗina."

Salwa ta amsa gaisuwarsa a taƙaice, ta ja Houda gefe. "Mene ne wannan?"

"Come on, Ustaziya. Za mu ɗan je Carolina Beach ne da abokansa, gobe da safe in dawo. Ga makullin mota, ga ɗaki ke kaɗai, ki sha iska."

"Mama ta ce ƙafata ƙafarki."

"Mama tana Greensboro. Aurena zai yi fa, lokaci kawai muke jira. Ki rufa min asiri, don Allah. Ni ban taɓa roƙon ki komai ba."

A nan ya kamata Salwa ta ɗaga waya ta kira gida. Ba ta kira ba. Kunya ta hana ta, da tunanin cewa tana cin abincin gidansu, tana kwana a ɗakinsu, ba ita za ta tona 'yar gida ba. Tana tsaye da makulli a hannu baƙar motar ta fice.

Ta hau ɗaki ta yi sallolinta na matafiyi, ta zauna a bakin gado har zaman ya ishe ta. Daga nan ta ce da kanta, tunda an zo an zo. Ta sauko ta bi hanyar katako da aka shimfiɗa a gefen kogin Cape Fear. A ɗaya gaɓar ga wani tsohon jirgin ruwa na yaƙi mai launin toka, an ajiye shi don 'yan kallo, girmansa ya kai unguwa. Ta shiga tsofaffin titunan da aka daɓe da jan bulo, ta ga doki yana jan keken 'yan yawon buɗe ido, ta ga manyan itatuwa da wata ciyawa mai kama da furfura tana reto a rassansu. Wata tsohuwa baƙar fata mai sayar da jatan lande ta yaba mayafinta, ta ƙara mata dankali a takarda. Salwa ta ci a tsaye, tana korar fararen tsuntsayen da ke neman fizge mata.

Sai ta tuƙa zuwa Wrightsville, inda tekun yake. Duk ruwan da ta sani a duniya bai wuce madatsar Jibiya ba. Wannan kuwa ba shi da ɗaya gaɓar. Ta cire takalmi, ta tattare bakin siket, ta taka. Sanyin ya ratsa ta har ƙwaƙwalwa, da ruwan ya koma sai ya janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafarta, ta yi tangaɗi, ta fashe da dariya ita kaɗai. Ta tsinci ɓawon koɗi masu kyau don ƙannenta. Na ɗan lokaci ta manta da Houda ɗungurum.

Tana nan rana ta karkata, wayarta ta yi ƙara. Hajiya ce, kuma kiran bidiyo ne.

"Ah, 'yar teku! Juya min in gani. Ma sha Allah. Kun ci abinci?"

"Mun ci, Mama."

"Ina waccan? Na kira ta ba ta ɗauka ba. Miƙa mata."

Da Salwa ta ce Houda tana banɗaki, za a ce a jira ta. Da ta ce tana barci, za a ce a tashe ta. Abu ɗaya ne kowane ɗan Musulmi ya san ba a katse shi, kuma lokacinsa ne. Bakinta ya riga hankalinta.

"Tana sallah, Mama. La'asar take yi."

Fuskar Hajiya ta tsaya cak a kan gilashin wayar, har Salwa ta zaci layi ne ya yanke.

"Sallah," in ji Hajiya a hankali. "To. Allah ya karɓa." Ta kashe.

Salwa ta kira Houda, sai a kira na kusan biyar ta ɗauka, ana jin kiɗa a bayanta. Ta gaya mata abin da ya faru.

"Kin ce me? Oh my God. Salwa, ba ki da hankali ne? Fashin sallah nake yi! Mami ta sani, jiya ita ta dafa min ruwan zafi saboda ciwon mara. Duk ƙaryar duniya ki rasa wadda za ki yi sai wannan?"

"Ban sani ba. Ke kika sa ni a wannan halin."

"Kin kashe ni," in ji Houda, ta katse.

Kafin magariba Zubair ya sauke ta a ƙofar otal, bai ko fito ba. Washegari suka juyo. A wani gidan mai Houda ta fita da waya a kunne, ta daɗe a bayan ginin, ta dawo idanunta jajaye amma hankalinta kwance. Salwa ta ɗauka haƙuri ta ba uwarta.

A falo suka tarar da Alhaji Seydou zaune, bai je wurin motoci ba. Hajiya na gefensa. Ba a amsa sallamarsu da kyau ba.

"Houda, maimaita abin da kika gaya wa mamanki," in ji Alhaji.

Houda ta durƙusa, kanta a ƙasa. "Baba, ita ta matsa min mu je Wilmington. Da muka isa, akwai wani da ke jiran ta, ɗan makarantarsu. Ta ce in ba su wuri. Ni kaɗai na yini a gari ina yawo, wayata ta mutu. Ban so in faɗa ba, don baƙuwarmu ce."

Salwa ta ji kamar an zuba mata ruwan tekun nan a ka. "Wallahi, Baba, ba haka aka yi ba. Ita ce ta tafi da wani Zubair, ni ce na—"

"Dakata." Alhaji ya ɗaga hannu. "Kin ce wa Hajiya Houda tana sallah?"

"Na ce, Baba, amma—"

"Tana sallar?"

"A'a."

"To wadda ta ɗauki sallah ta yi ƙarya da ita, wallahinta na me? Da wane bakin zan saurare ki?"

Salwa ta dubi Hajiya, tana jiran ta yi magana. Hajiya tana kallon kafet.

Da la'asar Salwa ta sami Hajiya a kicin ita kaɗai, tana yanka albasa. Salwa ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, kin gan ni a bidiyo. Ni kaɗai ce a bakin ruwa. Kin san gaskiya."

Hajiya ba ta ɗago ba. "Na san Zubair. Na san motarsa. Ni na haifi Houda, ba sai an gaya min halinta ba."

"To don me, Mama?"

"Don ke baƙuwa ce." Ta ajiye wuƙar. "Ke gobe za ki koma Jibiya, wa ya san abin da aka yi a Wilmington? Ita kuwa nan za ta zauna, nan za ta yi aure. Mu nawa ne a garin nan? Masallaci ɗaya, suna ɗaya, biki ɗaya. In Alhaji ya ji gaskiya sai ya kore ta, in mata suka ji ta gama yawo. Voilà. Ki yi haƙuri, Allah zai saka miki."

"Da bakinki kika ce kin ba ni amana."

"Na ba ki. Kika riƙe?"

Wannan ita ce maganar da ta fi yi wa Salwa ciwo, don akwai gaskiya a cikinta, kuma azzaluma ce ta faɗe ta. Mutum ya zalunce ka, sannan ya ɗauko ɗan laifinka ya rufe nasa babba da shi. Hajiya ta koma kan albasarta.

Alhaji Seydou ya riga ya kira Jibiya. Washegari da hantsi wayar mahaifinta ta shigo. Salwa ta rufe ƙofar ɗaki ta gaya masa komai, daga baƙar mota har kicin, ba ta rage nata laifin ba. Ya saurara bai katse ta ba.

"Na ji," in ji Malam Husaini. Muryarsa ta tsufa a kwana ɗaya. "Ni na rene ki, na san abin da za ki iya da wanda ba za ki iya ba. Na yarda da ke."

"Alhamdu lillahi. Baba, to ka yi masa magana."

"In ce masa me? In ce matarsa da 'yarsa maƙaryata ne? Ya ce ba zai iya ci gaba da riƙe ki ba. Ya yi min kara ne ya bar ki zuwa ƙarshen zango."

"Akwai ɗakunan ɗalibai a makaranta, Baba. Akwai wata Anti Daso 'yar Kano, tana da ɗaki. Saura min shekara biyu kawai."

"Gidan aminina ma ga abin da ya same ki, sai gidan wadda ban sani ba? A'a, Salwa. Da Disamba ki taho gida."

Ta yi kuka, ta roƙe shi da girman Allah. Bai ɗaga murya ba, bai kuma canza magana ba. Ya ce ta gaida mutanen gidan, ya ajiye.

Ranar Asabar matan unguwa suka zo taron da suke yi gida-gida, wannan karon a falon Hajiya. Daga ƙasa aka ƙwala kira, "Salwa! Kawo shayi." Ta wanke fuska, ta ɗauko tire ta shiga. Hirar ta tsaya. Anti Assibi, wadda a da ke roƙon ta ta koya wa 'yarta karatun Alƙur'ani, ta jawo yarinyar kusa da ita ta riƙe hannunta. Houda na zaune a tsakiyarsu da dogon hijabi, tana zuba wa manya dabino a faranti.

Salwa ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Biyu suka amsa. Ta zuba wa kowa shayi, ta tashi, ta hau sama ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado, ta fara haɗa kayan komawa Jibiya, ko da yake Disamba da saura.