Motsin Baki

Kunnen malamin lissafi na hagu ya daɗe da mutuwa, na daman ma sai an ɗaga murya. Da ido yake ji: ya zuba wa leɓɓanka ido, ya tsinci rabin zance, ya cike rabin da kansa. In ta kuɓuce masa sai ya ce, "Na'am?" Shi ke nan suna ya bi shi, Malam Na'am, har a bakin ɗalibai.

Aikinsa dai ba mai kushewa. Sai dai mataimakin shugaban makaranta yana da ƙanin mata da ya karanta lissafi, yana gida yana zaman kashe wando. Ajin Malam Na'am yake nema masa, ko ɓoyewa ba ya yi.

Mataimakin nan ne ya ƙirƙiro wani wasa. A ɗakin malamai sai ya fuskanci Malam Na'am ya yi ta motsa baki, har da ɗaga gira da nuni da hannu, amma ba sauti ko ɗis. Sauran su yi tsit suna gyaɗa kai. Bawan Allah ya matso da kunnen dama, gumi na tsattsafo masa, can ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Sai ɗaki ya fashe da dariya. Malamar Turanci har da dukan tebur tana share hawaye. Manya da su fa, masu koya wa 'ya'yan mutane tarbiyya! Tir da hali.

A gida yakan juya wa matarsa baya ya ce ta kira shi. Ta kira, ya ji. Ya rasa gane yadda kunnen da ke aiki a gida ya mutu a makaranta. Tsoro ya cika shi, domin saura kaɗan ya yi ritaya, kuma ban da allo da alli ba abin da ya iya.

Wata rana mataimaki na cikin motsa bakinsa, wani ya ture kofin shayi ya faɗi ƙasa. Ƙarar ta shiga kunnen Malam Na'am tangaran. Ya dubi kofin, ya dubi bakin da ke motsi, ya dubi fuskokin da ke danne dariya. Ashe! Ya rantse a ransa duk wanda ya sake yi masa zai gane kurensa.

Mataimaki kuwa tuni ya kai ƙara sama cewa malamin lissafi ba ya ji. Aka turo sufeto, wata dattijuwa da mura ta dishe mata murya. Ta tsaya ta taga ta kalli darasinsa har ƙarshe, sannan ta same shi a ɗakin malamai. Mataimaki ya tsaya kusa da ita yana murmushi, sauran suka yi tsit.

"Malam, darasinka ya burge ni," in ji ta, muryar da ƙyar take fita, hankici ya kare rabin bakinta. "Ban ga dalilin taɓa ajinka ba."

Shi bai ji komai ba. Baki ya gani yana motsi, ga shirun nan da ya sani, ga murmushin nan. Ya miƙe har kujera ta kife.

"Haba baiwar Allah, ke ma sun sa ki? Da girmanki da furfurarki? Rufe min bakin nan, na san ba abin da kike faɗa!"

Ba wanda ya yi dariya. Ba kuma wanda ya buɗe baki ya gaya mata gaskiya, duk suka sunkuyar da kai kamar masu neman allura. Mataimaki ya buɗe hannuwa cikin tausayi na ƙarya.

"Kin gani ko, ranki ya daɗe? Haka muke fama."

Dattijuwar ta daɗe tana kallon Malam Na'am. Ta sauke hankicin, ta juya wajen mataimaki ta yi magana a hankali. Wannan karon Malam Na'am ya karanta leɓɓanta sarai: "A nemo wani malamin."

Bai ce na'am ba.