Tsaga Ɗaya Ja, Tsaga Biyu Kore

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da ajin 'yan shekara biyar, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ni da haƙuri. Ban taɓa ɓoyewa ba. Yara arba'in da uku a ɗaki guda, fanka ta mutu tun bara, wannan na kuka, wancan ya jiƙa wando, sannan a ce in riƙa murmushi? Abu ɗaya ne yake sanyaya min rai a makarantar nan, darasin zane na ranar Laraba. Shi ma saboda yaro ɗaya ne.

Injiniya muke ce masa. Sauran yara in ka ce su zana mutum, sai su yi da'ira su kafa mata sanduna huɗu, an gama. Shi kuwa keken ɗinkin uwarsa ya zana min ranar farko, da bel ɗinsa, da wurin takawa, har da zaren da ya ratsa allura. Na daɗe ina kallon takardar, na ce a raina yau na ga abin da ya fi ƙarfina. Yana da kwalin kalarsa na kansa, irin ta kakin nan mai naɗe da takarda, guda goma sha biyu, kuma ko kallonsu ba ya bari wani yaro ya yi.

Da muka dawo hutu shugabar makaranta ta ce ofis ba zai ƙara ba da kala ba. Rabin ajina ba su da ko guda. Kowace Laraba sai dambe, sai cizo, sai kuka. Na yi abin da kowace malamar ƙananan yara ta sani: na tattara kalar kowa, na ɓare takardun jikinsu, na karya kowace gida uku, na zuba a gwangwanin madara, tebur ɗaya gwangwani ɗaya. Lokacin tashin tara na yi aikin, suna waje suna wasa. Da Injiniya ya dawo ya ga kwalinsa wayam, ya fasa wani kuka har da shessheƙa.

Na ce, "Kai, rufe min baki! Wannan rowa a ina ka koyo ta? Ga kala nan cike da gwangwani, ɗauki wadda kake so."

Larabar da ta biyo baya na ce a zana bishiya. Tasa ta fi ta kowa, har da saiwoyi da tsuntsu a reshe, amma ganyen duk jajaye, gindin kuma kore. Na ɗaga takardar sama na ce, "A gidanku ganye ja ne?" Ajin ya kwashe da dariya. Ni a ganina ramuwa yake yi saboda kalarsa da na raba, kuma ba abin da na tsana a duniya irin yaro ya ce zai gwada min taurin kai.

Mako na biyu tumatir ɗinsa kore. Mako na uku ciyawa ruwan ƙasa. Raina ya ɓaci iyaka. Na aika aka tsinko ganye daga bakin katanga, na tsayar da shi gaban aji na damƙa masa, na sa yara suna rera "kore ne, kore ne" suna tafi. Sannan na ɗauko guntaye biyu daga gwangwani, na ce ya nuna min kore. Bai kalli kalar ba. Fuskata ya tsura wa ido, yana ta kallo, can ya miƙa yatsa a hankali ya taɓa ja. Na ba shi rula uku a bayan hannun da yake zane da shi, na yayyaga takardarsa na zuba a kwandon shara.

Daga ranar ya daina. In na raba takardu sai ya ɗora hannuwa a cinya har a kaɗa ƙararrawa, ya miƙo min tasa fara tas. Da abin ya kai wata guda na aika a kira uwarsa, da niyyar in juye mata haushina.

Tela ce, ta zo da tef ɗin awo a wuya, da alama daga kan keke ta taso. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, "Malama, ina kwalin kalarsa?"

Na nuna mata gwangwani. Ta leƙa ciki, ta zaro guntu ɗaya tana juya shi a hannu, sai na ga idonta ya kawo ruwa.

"Takardar jikin fa?"

"An share tun tuni. Takarda ce kawai."

Ta zauna a ɗan ƙaramin bencin yara, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta. Ta ce tun yana shekara uku take aikensa ya miƙo mata jan zare ya kawo kore, har tana dungure masa kai. Sai da suka je wurin likitan ido aka ce haka aka haife shi, ja da kore da ruwan ƙasa duk sukan rikice masa, kuma ba magani. Shi ne ta sa reza ta yi wa takardar jikin kalarsa alama. Tsaga ɗaya ja, tsaga biyu kore, tsaga uku ruwan ƙasa. Da babban yatsa yake shafawa ya gane. Ganye kuwa haddacewa ya yi cewa tsaga biyu ake shafa masa.

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma da yake ni ce, sai na tashi da faɗa: "To me ya hana ki gaya min, baiwar Allah?"

"Babansa ne ya hana. Ya ce za a riƙa yi masa dariya a aji." Ta share ido da gefen mayafi. "Ni kuma na ce masa sirrinmu ne ni da shi, kada ya faɗa wa kowa. Kin ga bai faɗa ba."

Washegari na zo da sabon kwali. Na zauna da reza na yi tsagar kamar yadda ta kwatanta, har na yanke yatsa. Na durƙusa a gefen teburinsa, ni da gwiwata ke ciwo, na ce, "Injiniya, ka yafe wa Anti. Anti ce ta yi kuskure, kai ba ka yi laifi ba. Ga naka nan, ba mai taɓa maka." Ya ce to. Yaro ne mai ladabi, ya karɓa da hannu biyu ya sa a jaka. Bai taɓa fito da kwalin ba.

Amma ya koma zane, in zane za a kira shi. Akwai wata 'yar lukuta da ke zama kusa da shi, ita yake jira. In ta yi da'ira ya yi da'ira. In ta ajiye guntun kala ya ɗauki wannan guntun, ya shafa daidai inda ta shafa. Ranar da ta yi rashin lafiya haka ya zauna hannu a cinya. Na roƙe shi, na ce ya zana min mota, ya zana min keken mamansa, da fensir kawai ba sai da kala ba. Ya ce, "Anti, na manta." Na san bai manta ba, tsorona yake ji, kuma ina ganin yadda kafaɗarsa ke ɗagawa duk lokacin da na bi ta bayansa.

Ƙarshen zango aka ce kowane aji ya manna aikin yara a bangon baranda saboda iyaye. Kofi da cokali aka ba su su zana. Shugabar makaranta ta zo dubawa, ta dafa kafaɗata tana murna, ta ce, "Malama, sannu da ƙoƙari. Na ji labarin mai taurin kan nan naki, ashe kin gyara shi. Ina takardarsa?"

Na tsaya gaban bangon. Kofi arba'in da uku, cokali arba'in da uku, duk an shafa su cikin layi. Na bi su daga wannan gefe zuwa wancan, na sake dawowa, tana tsaye tana jira. Sai da na riƙa ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya ina karanta sunan da na rubuta a baya, sannan na samo tasa.