Jan Gashin Ramla

Rahamatu ta cire wa ɗiyarta Ramla ɗankwali za ta tsefe mata kai, sai hannunta ya tsaya. Gashin yarinyar ya yi ja, tun daga goshi har ƙeya.

Kwana kaɗan ta yi a garin Mai Yara wajen gaisuwar rasuwa, ta bar ɗiyar a hannun Bilki, ƙanwar mijinta. Lafiya lau ta bar ta.

Ta san wannan jan. Haka na Ikrama ya fara, ƙanen Ramla, bara waccan. Gashi ya yi ja, ƙafafu suka kumbura. Ta tsaya ba shi jiƙe-jiƙe, ko da aka kai shi likita aka ce tamowa ce, ciwon rashin abinci mai gina jiki, kuma an makara.

Ta saɓa yarinyar a baya kamar jaririya, ta fita ta tare kabu-kabu.

"Inna, ni hwa lahiyata lau."

"Yi mini shiru."

A likita mata sun cika benci da goyonsu. Rahamatu ta wuce su kai tsaye.

"Baiwar Allah, mu nan kallo muka zo?" in ji wata. Ko waiwayawa ba ta yi ba.

Madam Zuhura, mai awon yara, ta naɗa wa Ramla igiyar awo a damtse. Awon ya tsaya a kan launin tsanwa, alamar lafiya. Ta danna mata ƙafa da yatsa, wurin bai loma ba.

"Wagga ɗiya ai ta kusa fi na ƙiba. Mi ke damun ta?"

"Ki duba gashin, Madam. Haka wancan ya yi mini."

Madam Zuhura ta daina murmushi. Ta buɗe gashin a hankali, ta sunsuna, sannan ta lanƙwasa kunnen yarinyar. Fatar bayan kunnen ma ta rine.

"Ke, wa ya sa maki lalle a kai?"

Ramla ta sunkuyar da kai. "Gwaggo Bilki. Ni na yi ta roƙon ta. Cikin salularta akwai fim ɗin zane. Uban yarinyar gashinshi baƙi, na uwar baƙi, ita nata ja wur. Ta fi kowa gudu."

"Uwa baƙi, uba baƙi, ɗiya ja?" Madam ta fashe da dariya. "Da a garinmu Dakoro ne, da dangin uba sun yi taro!"

Rahamatu ta sake duban gashin. Ta zauna a kan siminti, tana dariya hawaye na zuba. Matar da ta yi mata magana ɗazu ce ta leƙo ta miƙa mata ruwa.

A hanya ta tanadi maganganun da za ta faɗa wa Bilki. Ta tarar da ita a ƙofar gida ta yi tsuru-tsuru.

"Yaya, wallahi ban yi tunanin..."

"Kawo salular."

Ta zauna a tabarma, ta sa Ramla tsakanin ƙafafunta. Ga yarinyar fim ɗin nan mai jan kai, kumatu cike, tana tsallake katanga, uwarta na bin ta da ludayi.

"Tana cin abinci kuwa?"

"Kwano biyu, Inna!"

"Ba ta ciwo?"

"Ba ta taɓa yi ba."

Rahamatu ta ɗauki tsinke ta tsaga jan gashin, ta fara kitso.

"Bilki, maido mini shi daga farko."