Motar da Auta Ya Tayar

Ranar da janwe ta jawo motar bakin gareji, ina shagona ina yankan soson kujera. Na leƙo na ga wani ƙaton abu, rabi kore rabi tsatsa, tayoyi a sace, gilashin gaba babu, har ciyawa ta tsiro a cikin bodin. Ƙanena yana biye da ita, bakinsa har kunne.

"Auta, wannan kuma gawar wace ce?"

"Yaya, motar soja ce. A gwanjo na samo ta. Ki bar ganinta haka, yanzu ba a yin ƙarfe irin na jikinta."

"To, Allah ya ji ƙanta."

Ni na raini Auta tun rasuwar mahaifiyarmu, don haka na san halinsa kamar yunwar cikina. Makanike ne, ni kuma ina ɗinkin kujerun mota da tampol, bango ɗaya ya raba shagona da garejinsa. Yaro ne mai kirki, sai dai idan ya ƙyalla ido ya ga tsohon inji, to hankalinsa ya tafi hutu. Ya ce zai tayar da ita ya riƙa dakon yashi da bulo. Na ce ya tayar, ni dai kada ya tayar mini da hawan jini.

Kayan gyara ne suka fara ba shi wuya. Motar ta girme shi, masu sayar da kaya ko sunanta ba su taɓa ji ba. Kullum sai ya rufe gareji ya tafi filin matattun motoci, wurin wani tsoho da ake kira Mai Tsatsa, ya wuni yana kwance a ƙarƙashin ɓaraguzai, ya dawo da noti biyu a aljihu yana murna. A can ya samo lagireto, a can ya samo sitiyari. Mai Tsatsa har ya nuna masa giyabos na wata motar zamani, ya ce ya ɗora mata ya huta, don nata na asali ba kowane direba ke iya masa ba. Auta ya ce Allah ya kiyaye, ba zai sa wa tsohuwa haƙoran aro ba. Ya warware nata a kan buhu, ya wanke ɗaya bayan ɗaya da kananzir, ya mayar.

Famfon mai da kayan birki ne suka gagara. Mai Tsatsa ya ce ba shi da su, amma ya san wanda ya san wani. Da ya faɗi haka, in ji Auta, bai kalle shi ba, ƙasa yake kallo.

Ba a yi mako ba sai ga mutumin. Tsaf-tsaf da shi, takalminsa ko ƙura babu, yana magana ƙasa-ƙasa sai ka matso kafin ka ji. Kowace magana tasa da "sannu-sannu" take ƙarewa, shi ya sa na raɗa masa Sannu-Sannu. Ya zagaya motar yana shafa ta, ya buɗe but ɗin motarsa, ya fito da famfon mai sabo fil, a naɗe cikin takarda mai maiƙo. Auta ya karɓa. Ya tambayi kuɗinsa.

"Haba, malam makanike. Ka gama aikinka tukuna, sannu-sannu, sai mu yi magana."

Tun daga ranar tsoro ya kama ni, kuma Auta nake ji wa tsoron. Na same shi da yamma yana wanke hannu na ce, "Kai, motar da aka daina ƙerawa tun kana tsumman goyo, ina mutum zai samo mata sabon kaya? Kuma kyauta? Ɗan uwanmu ne?"

"Yaya, ke komai sai kin sa masa zargi. Mutumin son tsofaffin motoci yake yi, kamar ni."

"Kamar kai? Ka dubi farcensa kuwa? Ko ɗigon baƙin mai babu."

Ya yi dariya ya ce in je in sha ruwan sanyi.

Kaya suka yi ta zuwa. Birki, fitilu masu ragar ƙarfe, tayoyi shida masu manyan haƙora. Duk abin da Auta ya ambata, ko da a cikin hira ne, sai ya gan shi. Rannan kuma sai ga gwangwanayen fenti, kore irin na sojoji sak. Na ce ya yi mata shuɗi ko ruwan ɗorawa kamar kowace motar yashi. Ya ce ai kyanta a mayar da ita yadda take. Sai Sannu-Sannu ya ce a sa benci biyu a baya, dogaye, hagu da dama. Na ce, "Yashin ne zai zauna a benci?" Auta ya yi kunnen uwar shegu da ni, ya kunna injin walda.

Tampol ne ya kawo mutumin shagona. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Sannu da aiki, Yayarmu." Ban san ranar da na zama yayarsa ba. Ya ce yana son rufi mai kauri, ba taga ko ɗaya, labulen baya kuma a sa masa zobba da igiya ta waje.

"Ta waje?" na ce. "Ragowar tsohon tampol ɗinta yana nan, na gani. Ta ciki ake ɗaure shi, don na ciki su buɗe in za su sauka."

Ya yi murmushi. "Wannan ta waje za a yi."

"To, ba a shagon nan ba. Ka nemi wani."

Bai yi fushi ba, wallahi da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce ba komai, sannu-sannu, ya tafi.

Ranar da injin ya tashi, duk layin sai da ya girgiza. Kwanukan mai shayi suka riƙa kaɗawa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Auta ya diro ya rungume ni da hannunsa duk baƙin mai, ya ɓata mini riga, na zage shi, amma gaskiya na ji daɗi, don ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin haka ba. Ya matsa sai na hau mun zaga, wai in gwada kujerar da na ɗinka. Na hau.

Ba mu yi nisa ba na ga wata mata ta fizgo ɗanta daga bakin titi ta shige lungu da gudu. Wani mai kanti ya jawo ƙofarsa ya rufe. Samarin da ke zaune a gindin bishiya suka watse, ɗaya ko takalminsa bai tsaya ɗauka ba. Auta yana dariya, wai ƙarar salansa ce ta firgita su. Da muka iso shingen bincike na bakin gada, inda kullum sai an tsayar da shi an juya takardunsa, tun daga nesa aka ɗage sandar. Ba wanda ya leƙo ya ga waye a ciki. Ɗaya daga cikin masu tsaron shingen har ya ƙame ya sara mana, ya ɗauka sojoji ne.

Daga nan Auta bai sake dariya ba. Ya juya motar muka dawo gareji. Ya kashe injin, ya daɗe riƙe da sitiyari.

"Yaya," ya ce, "me na yi?"

Na so in ce ai na gaya maka, har maganar ta zo bakina, na ga fuskarsa na haɗiye. Na ce ya cire famfon ya mayar wa mai shi, ya fasa injin da guduma, ko ya kai ƙara. Ya ce ƙara wurin wa? Wa ya san wanda ya aiko mutumin, kuma daga wane ɗakin ajiya kayan suka fito? Duk ga su a jikin motarsa, a garejinsa, shi ya ɗaura su da hannunsa. Ya je wurin Mai Tsatsa neman shawara, ya tarar da filin a kulle, maƙwabta suka ce tsohon ya yi tafiya, ba su san ranar dawowarsa ba.

Washegari Sannu-Sannu ya sake zuwa shagona. Wannan karon ya shigo, ya zauna a kan kujerar da ban ba shi ba. Ya tambayi lafiyar matar Auta, ya ce yana fata ciwon bayan nan ya sake ta. Ya ce 'yar Auta akwai wayo, jiya ya gan ta tana dawowa daga makaranta da jar jakarta, ita kaɗai, ya kamata a riƙa raka ta don titin nan motoci sun yi yawa. Sannan ya miƙe ya tambaya ko tampol zai samu zuwa ƙarshen mako.

Na ɗinka. Ina taka keke ina kuka ina tsine masa, allura ta karye mini ban san sau nawa ba. Na sa zobban ta waje kamar yadda ya ce.

Ni da Auta muka tsayar da magana ɗaya: ya ba su motar da mukullinta, kada ya nemi ko sisi, kada ya tambaye su komai. Su ɗauki tsiyarsu su tafi, mu mu tsira da shi. Na sa ya maimaita mini. Na ce, "Ka ga bakin nan naka? Ka ɗinke shi, ko ni in ɗinke maka." Ya ce ya ji.

Da tsakar rana suka zo, rana tsaka, kowa na gani. Sannu-Sannu da wasu mutum uku da ban taɓa gani ba, da direbansu, wani ƙato mai kaurin wuya. Ba wanda ya yi sallama. Biyu suka ɗauko dogayen jakunkuna daga but ɗin motar da suka zo da ita suka jefa a bayan ta Auta, suka haye. Auta ya miƙa mukulli ya ce, "Ga ta, yallaɓai. Na bar muku." Ya ja baya ya tsaya kusa da ni a ƙofar shago. Na kama gefen rigarsa na riƙe. Layin ya yi tsit, mai shayi ma ya bar tukunyarsa a wuta ya ɓace.

Direban ya hau ya tayar. Ya taka kuloci ya tura giya, sai ƙarrr! Motar ta yi tsalle ta mutu. Ya sake tayarwa, ta ɗan gangara, ya nemi giya ta biyu, ƙarrr, kamar ana niƙa tsakuwa. Na ji jikin Auta ya motsa. Na ƙara damƙe rigar. Ƙaton ya yi tsaki, ya sa hannu biyu ya danna sandar giyar da ƙarfin tsiya, ƙarar da ta fito har cikin haƙorana na ji ta.

"Kai! Za ka kashe ta!" Auta ya daka tsawa. "Sau biyu ake taka kuloci! Ka sake, ka ba ta wuta, sannan ka—"

Ya kama bakinsa, amma ya riga ya faɗa. Wayyo Auta. Wata da watanni yana wanke haƙoran nan da kananzir, kunnensa ya kasa jurewa.

Sannu-Sannu ya juyo a hankali ya dube shi. "Ashe sai mai ita," ya ce. Ya yi wa direban alama ya matsa gefe. "Zo ka fitar mana da ita bayan gari kawai, malam makanike. Ka nuna masa hannu, sai ka dawo."

"Yallaɓai, zan koya masa a nan. Yanzu-yanzu zai iya."

"A hanya ya fi."

"Ba inda za shi!" na ce. "Kun ce mota, ga mota. Wallahi ba inda za shi!"

Na ukun mutanen ya matso ya tsaya a bayan Auta, bai taɓa shi ba, ya dai tsaya. Auta ya sa hannu ya ɓamɓare yatsuna daga rigarsa ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya, ki je ki ɗauko yarinyar nan daga makaranta. Kada ki bari ta dawo ita kaɗai."

Ya hau. Motar ta tashi lafiya lau a hannunsa, giya ta shiga ko ƙara babu. Ta fara gangarawa, na bi ta da gudu, ɗankwalina ya faɗi ban waiwaya ba, na kama ƙarfen ƙofar baya na riƙe ina ihu ina kiran sunansa. Tana jana, takalmina ɗaya ya fita. Sai motar ta tsaya. Sannu-Sannu ya sauko daga gaba, ya tako har inda nake, ya ɗaga labulen tampol ɗin. Ciki duhu, mutum biyun nan suna zaune a benci suna kallona.

"Akwai wuri, Yayarmu," ya ce. "Ko za ki raka shi?"

Na dubi cikin motar. Na tuna yarinya tana can bakin ƙofar makaranta da jakarta, an kusa tashi. Na saki ƙarfen.

Ya sauke labulen, ya zura igiyar a zobban ya ɗaure, ya koma gaba. Ina tsaye a tsakiyar titi da takalmi ɗaya, ina jin Auta yana canja giya, ta biyu, ta uku, har suka sha kwana.